Madannin Fiyano Ya Maƙale: Dalilai da Hanyoyin Gyara

A tsakiyar watan Agusta, sa'ad da damana ta kankama, ƙofar icce takan kumbura har sai an sa mata kafaɗa kafin ta rufu, gishiri ya jiƙe cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa. A daidai wannan lokaci ne malamin kiɗa yakan buɗe murfin fiyano, ya danna madanni, sauti ya fita, amma madannin ya zauna ƙasa ya ƙi komowa. Ya ɗago shi da farce, ya sake dannawa, ya sake maƙalewa. Kafin mako ya zagayo, madannai uku ko huɗu sun bi sahun na farko.

Abin yakan yi kama da ƙaramar matsala, amma a nan ne fiyano da yawa suke fara mutuwa. Wani yakan ɗauko man keken ɗinki ya tsiyaya tsakanin madannai. Wani ya sa wuƙa ya banƙara. Wani kuma ya rufe murfi ya bar abin shekara da shekaru, har kusu ya yi sheƙa a ciki. Alhali fiyano kaya ne mai tsada, mai nauyin kilo 200 ko fiye, wanda sai ya ƙetare teku, sa'an nan ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 daga tashar jirgin ruwa kafin ya iso Yamai. Gwanayen gyaransa kuwa ba su da yawa a ƙasashen Sahel. Don haka ya kamata duk wanda aka ba amanar fiyano, a makaranta ne, ko majami'a, ko gidan al'adu, ya san abin da ke sa madanni ya maƙale, da gyaran da zai iya yi da hannunsa, da wanda ya wajaba ya bar wa masu sana'ar.

ASALIN FIYANO

Wani maƙerin kayan kiɗa ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago fiyano a birnin Fulorans na ƙasar Italiya, wajen shekara ta 1700. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera suna nan har yanzu: na 1720 a birnin New York, na 1722 a Roma, na 1726 a Leipzig ta Jamus. Daga baya wasu suka yi ta ƙara masa gyara. A 1821 Sébastien Érard, maƙerin Paris, ya fito da dabarar da ke sa a maimaita sauti ɗaya da sauri ba tare da madanni ya komo sama gaba ɗaya ba. A 1825 Alpheus Babcock na birnin Boston a Amurka ya yi wa fiyano ƙashin baya na zubin ƙarfe. A 1826 Jean-Henri Pape, shi ma a Paris, ya lulluɓe kawunan gudumomi da dannannen ulu maimakon fata.

Fiyano na yau yana da madannai 88: farare 52, baƙaƙe 36. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe wajen 230, waɗanda jansu gaba ɗaya yakan kai tan 18 zuwa 20. Iri biyu ne: kwantacce, wanda tsirkiyoyinsa ke shimfiɗe kamar tebur, da tsayayye, wanda ake jingina wa bango. Tsayayyen ya fi yawa a makarantu da gidaje, shi ne kuma wannan bayani ya fi shafa.

A da, da hauren giwa ake lulluɓe fararen madannai. Tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, da ma tun kafin nan a masana'antu da yawa, roba ce ta maye gurbinsa. Baƙaƙen kuwa, a da, da baƙin icce mai tauri ake yin su, ɗan uwan iccen kanya.

YADDA MADANNI KE AIKI

Abin da ido ke gani na madanni bai kai rabinsa ba. Sauran yana ɓoye ƙarƙashin murfi. Madanni sanda ce ta icce mara nauyi, wadda ke aiki kamar jigon lambu: idan gaba ya sauka, baya ya tashi. A tsakiyarsa akwai rami, wanda ke zaune bisa wani siririn turken ƙarfe. Wannan shi ne turken tsakiya, a kansa madanni ke lilo. A ƙarƙashin gaba kuma akwai wani rami da wani turke, turken gaba, wanda ke hana madanni karkata dama ko hagu. Turken gaba ba kewayayye ba ne sarai, yana da ɗan faɗi kamar ƙwallon dabino.

Don kada icce ya goga ƙarfe ya yi ƙara, an manna wa bakin kowane rami ɗan jan ƙyalle na saƙaƙƙen ulu, mai kauri kamar na hular dara. Tazarar da ke tsakanin ƙyallen da turke ba ta kai rabin milimita ba.

Idan an danna gaba, yakan sauka wajen milimita 10. Baya ya tashi ya tura wata gaɓa, gaɓar ta tura ɗan sanda, ɗan sandan ya harba guduma, guduma ta bugi tsirkiya ta koma. A lokaci guda wani ɗan matashi na ulu, wanda ke danne da tsirkiya don kashe sauti, yakan janye. Idan an ɗage yatsa, nauyin waɗannan sassa da ƴan wayoyi masu turawa su ne ke maido da kome wurinsa. Kowace gaɓa tana juyawa ne bisa wata allura da kaurinta bai kai milimita ɗaya da rabi ba, ita ma cikin rami mai ƙyallen ulu.

Nauyin da ke saukar da madanni bai wuce giram 50 ba, ko kusa da haka. Ƙarfin da ke maido shi sama bai ma kai wannan ba. To, abin da ƙarfinsa bai fi nauyin ƙwan kaza ba, ƙaramar gogayya ta isa ta tsayar da shi.

LAIMA, UWAR MATSALA

Icce ko ya bushe ba ya daina shan ruwan iska. Idan laimar iska tana kashi 20 cikin 100, ruwan da ke jikin icce yakan tsaya tsakanin kashi 4 da 5 na nauyinsa. Idan laima ta hau kashi 75, ruwan yakan kai wajen kashi 14. Icce kuma a faɗi yake kumbura, tsawonsa ba ya ƙaruwa sai kaɗan ƙwarai. Ulu ma haka yake, yakan sha laima ya kumbura.

Masu ƙera fiyano sun fi son laima ta zauna tsakanin kashi 40 da 50. A Yamai kuwa, a watannin Fabrairu da Maris takan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta ta haura 70. Maraɗi, Damagaram da Tawa ma haka shekararsu take, daga ƙeƙasasshen hunturu zuwa laimar damana. Makaɗin ganga ya san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa yakan kai fatar gangarsa bakin wuta idan ta saki. Amma fiyano ba a kai shi bakin wuta, kuma sassansa masu motsi dubbai ne.

Da damana, ƙyallen ramuka da iccen da ke bayansa sukan kumbura su shaƙe turke. Da rani kuma sai abin ya juye: icce ya tsuke, ƙusoshin murɗi su saki, gudumomi su karkace su riƙa gogar juna, gam ya bushe ya saki, ƙura ta cika ramuka. Saboda haka madanni yana iya maƙalewa a kowane lokaci na shekara, amma dalilin damana daban, na rani daban.

A FARA DA BINCIKE

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Tambaya ta farko ita ce: madannin ne da kansa ya maƙale, ko kuwa injin da ke bayansa?

A tsayayyen fiyano, a ɗaga murfin sama, a zare ƴan sakatu biyu da ke riƙe da allon gaba, a cire allon. Nan injin zai bayyana. A riƙe madannin da ake tuhuma a sama da hannu ɗaya, a sa yatsan ɗaya hannun a ɗaga gaɓar da ke zaune bisa bayansa, a saki. Idan gaɓar da guduma sun faɗo da sauri, to injin lafiya yake, laifin na madanni ne. Idan sun dawo a hankali kamar masu jin barci, ko sun tsaya a hanya, laifin yana cikin injin. Bayan haka a ɗage gaɓar sama, a motsa madannin shi kaɗai sama da ƙasa, yatsa zai ji inda yake cijewa.

Akwai kuma alamu da ke taimako. Idan fararen madannai ne kaɗai ke maƙalewa, da yawa a jere, a duba katakon gaba. Idan maƙwabta biyu ne ke sauka tare, akwai abin da ya shiga tsakaninsu, ko ɗaya ya kumbura. Idan madanni ya ƙi sauka sam, wani abu ya faɗa ƙarƙashinsa. Idan madanni yana komowa amma bugu na biyu ba ya ba da sauti, ɗan sandan da ke harba guduma ne bai koma mazauninsa ba.

GYARAN DA MAI FIYANO ZAI IYA YI

Na ɗaya, abin da ya faɗa ciki. Yara sukan zura kuɗi tsakanin madannai, dala biyar ko dala goma. Fensir yakan gangara ta bayan murfi. Akan tarar da ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, allura, har da tarkacen da kusu ya tara. A haska fitila tsakanin madannai, a zura siririn kwali a ja shi gaba da baya, a cire abin da matsefata. Idan ya shige ƙasa, sai an ɗaga madannin.

Na biyu, katakon gaba. Wannan shi ne dogon katakon da ke kwance a gaban fararen madannai, daidai cikin mai kiɗa. Idan ya kumbura ko ya lanƙwashe ciki, yakan taɓa goshin madannai. A danna madannin, a ja katakon waje da yatsa. Idan madannin ya tashi nan take, an gano ciwon. Maganinsa a sassauta ƙusoshin da ke riƙe da shi ta ƙasa, a cusa ɗan kwali a bayansa, inda ba zai taɓa madanni ba, don a nisanta shi kaɗan, a sake ɗaurewa. Aikin minti goma ne.

Na uku, ƙyallen da ya kumbura. Wannan ya fi kowane yawa da damana. Kafin a taɓa kome, a fara busar da ɗaki: a rufe tagogi lokacin ruwa, a buɗe su da rana idan gari ya washe, a buɗe murfin sama da allon ƙasa na fiyano iska ta ratsa, a yi haƙuri kwana uku ko huɗu. Sau da yawa madannai sukan saki da kansu. Idan ba su saki ba, a kama goshin madannin da yatsu biyu, a danna shi ƙasa, a matsa shi dama, a matsa shi hagu, da ɗan ƙarfi amma ba da fizga ba, sau biyar ko shida. Turke zai danne ƙyallen, hanya ta buɗe.

Idan wannan bai isa ba, sai a fitar da madannin. A cire allon gaba, da murfin madannai, da siririn katakon da ke gicciye bisansu. A ɗage gaɓar injin da yatsa, a ɗaga madannin sama sak, ba tare da karkata shi ba. A nan akwai abin lura guda biyu. Kowane madanni yana da lambarsa a jiki, daga 1 zuwa 88, kuma ba ya zama a gurbin wani. Sa'an nan a gindin kowane turke akwai ƴan zobba na ulu da na takarda. Da su aka daidaita tsayin madannai, wasu ba su fi takardar littafi kauri ba. Kada a zubar da ko ɗaya, kada kuma a musanya su.

Da madanni ya fito, a goge turakun biyu da busasshen ƙyalle mai laushi har su yi santsi. Idan akwai tsatsa, a goge ta da maganin goge ƙarfe, a share sarai. A duba turken gaba: faɗinsa ya kamata ya bi tsawon madanni. Wasu masu gyaran gaggawa sukan murɗa shi don su hana tsohon madanni girgiza, daga baya ya riƙa cijewa. Idan an tarar da shi a murɗe, a maido shi daidai, amma a kama shi ta can gindi, a naɗe bakin awartaki da ƙyalle, don ƙarfen da ya ƙarje zai cinye ulu.

Masu sana'a suna da awartaki na musamman mai faffaɗan baki, wanda suke matse ƙyallen da iccen gefen rami da shi. Wanda ba shi da irinsa yana iya danna ƙyallen da gefen wani ƙarfe mai santsi. Ka'idar ita ce kaɗan-kaɗan: a matsa sau ɗaya kowane gefe, a mayar da madanni, a gwada. Madannin da ya daidaita yakan yi ɗan motsi dama da hagu wanda yatsa ke ji amma kunne ba ya ji. Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a ƙasar da ke da rani mai tsanani, domin ramin da aka buɗe da yawa a Agusta, a Maris zai yi ta kaf-kaf, kuma iccen da aka murƙushe ba ya komawa.

Haka ramin da ke ƙasan tsakiyar madanni. Idan an ɗaga madannin kaɗan bisa turkensa aka saki, ya kamata ya zame ƙasa da nauyin kansa. Idan ya tsaya, ramin ya tsuke. Amma faɗaɗa shi aikin gwani ne, domin idan ya wuce kima madanni zai riƙa zamewa gaba da baya.

Na huɗu, madannin da ke gogar maƙwabcinsa. Icce yakan murɗe bayan shekaru na kumbura da tsukewa. A shafa alli a gefen ɗaya, a mayar, a danna sau da yawa, a duba inda allin ya koma jikin ɗayan. Wurin kaɗai za a goge da takarda mai yashi, sannu a hankali, ba tare da taɓa farar rufar sama ba.

Na biyar, darma. A jikin madannai da yawa an dasa ƴan dunƙulen darma don daidaita nauyi. A tsofaffin fiyano darmar takan ruɓe, ta yi farin gari, ta kumbura ta fito waje har ta taɓa maƙwabci, wani lokaci ma ta tsaga iccen. Ana iya rage ta da kaifin kurfi ko wuƙa har ta yi daidai da jikin madanni, a shafe ta da fenti mai sheƙi. Sai dai garin darma guba ne. A yi aikin a waje bisa takarda mai danshi, a rufe hanci da baki, kada a hura garin, a wanke hannu da sabulu, a nisanta yara.

GYARAN DA YA KAMATA A BAR WA GWANI

Idan bincike ya nuna laifin yana cikin injin, hannun da bai saba ba ya fi kyau ya tsaya. Allurar gaɓa takan cije idan ƙyallenta ya kumbura. Gwani yakan kwance gudumar, ya riƙe gindinta, ya sake ta ta yi lilo. Idan ta yi kai da komo wajen biyar zuwa bakwai, lafiya. Idan ta tsaya bayan ɗaya ko biyu, ta cije. Yakan ɗiga mata digo ɗaya na alkol gauraye da ruwa kaɗan. Ƙyallen ya kumbura, ya matsu jikin allura, idan ya bushe bayan kwana guda sai ya tsuke, gaɓa ta saki. Idan bai yi ba, sai a zare allurar, a share ramin, a sa wata. A wasu tsofaffin fiyano, man da aka jiƙa iccen da shi tun a masana'anta yakan haɗu da ƙarfen allura ya haifar da koren datti mai danƙo. Wannan ba ya jin magani sai an canza sassan.

Akwai kuma wayar da ke mayar da ɗan sanda ko guduma, wadda takan karye ko ta fita daga gurbinta. Akwai ɗan igiyar da ke haɗa guduma da gaɓar ƙasa, wadda kusu da tsufa ke cinyewa. Akwai gudumar da ta karkace take gogar ƴar uwarta saboda ƙusarta ta saki da rani. Wannan na ƙarshe mai sauƙi ne: a daidaita ta, a ɗaure ƙusar ba da ƙarfi ba.

Kwantaccen fiyano kuwa, injinsa da madannansa tare ake jawo su waje kamar aljihun tebur. Idan guduma ɗaya tana sama lokacin jawowa, kanta zai karye. Wanda bai taɓa ganin an yi ba, kada ya fara shi kaɗai.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a sa mai. Man keken ɗinki, man inji, man gyaɗa, man kaɗe, ko man feshi na kwance tsatsa, duk ɗaya ne. Ranar farko madanni zai saki, mai shi ya yi murna. Bayan wata biyu man ya jiƙa ulu, ya kama ƙurar hunturu, ya zama danƙo. Iccen da ya sha mai kuma gam ba ya kama shi, ko an so manna sabon ƙyalle. Idan mai ya kai ga turakun da ke ɗaure tsirkiyoyi, fiyano ba zai sake riƙe murya ba. Masu sana'a suna da nasu abin sa santsi wanda ba ya barin maiƙo, ba a samun irinsa wurin mai gyaran keke.

Ba a bugun madanni da ƙarfi don ya saki, ba a banƙara shi da wuƙa. Ba a kusantar da garwashi, ko risho, ko na'urar busar da gashi, domin zafi mai yawa yana narkar da gam ya tsaga icce. Ba a wanke madannai da ruwa yana zuba, ƙyalle mai ɗan danshi ya isa. Hausawa sun ce garin neman gira akan rasa ido.

YADDA MAƘERA SUKA YI FAMA DA LAIMA

Wannan matsala ta daɗe tana damun masu ƙera fiyano. A 1913, sa'ad da likita Albert Schweitzer ya tafi Lambarene a ƙasar Gabon don kafa asibiti a bakin kogin Ogowe, ƙungiyar masu son kiɗan Bach ta Paris ta ba shi kyautar fiyano da aka ƙera musamman don ƙasashe masu zafi da laima. Da shi ya riƙa bitar kiɗa shekaru da yawa a tsakiyar kurmi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Steinway na New York ya ƙera wa sojojin Amurka ƙananan fiyano fiye da 2000, da gam mai jure ruwa, da maganin ƙwari, da madannai marasa haure, domin haure yakan ɓamɓare a ƙasashe masu zafi da laima.

Ba kowace dabara ce ta yi nasara ba. A 1962 wannan kamfani ya maye ƙyallen ulu na gaɓoɓi da wata roba mai santsi da ake kira Teflon, wadda ba ta shan ruwa. Amma iccen da ke kewaye da ita bai daina motsi ba: da laima robar ta yi sako-sako tana ƙara, da fari ta matse. Bayan kimanin shekara 20 aka koma ga ulu. Kamfanin Kawai na Japan kuwa, tun farkon shekarun 1970 ya fara yin wasu sassan injin da roba mai tauri maimakon icce, kuma wannan hanya ta ɗore. Duk da haka madannai na icce ne har gobe, ƙyallensu na ulu.

RIGAKAFI

Wurin ajiya shi ne rabin lafiyar fiyano. A jingina shi ga bangon cikin gida, nesa da taga, da ƙofar waje, da hasken rana, da bakin na'urar sanyaya ɗaki. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Idan daɓen yana tsattsafo da damana, a ɗora ƙafafunsa bisa katako mai rufin roba. A riƙa duba bayansa da ƙasansa saboda gara.

A rataya ma'aunin laima a ɗakin, a riƙa rubuta abin da ya nuna sau ɗaya a mako. Akwai sandar ɗumi ta lantarki mai ƙaramin ƙarfi da ake sawa cikin fiyano don korar laima. Tana da amfani, amma sai tare da na'urar da ke kashe ta idan iska ta bushe. Idan aka bar ta kunne cikin hunturu, za ta ƙara wa Barno dawaki, ta tsaga allon sauti. Da rani a rufe tagogi, a lulluɓe fiyano da mayafin auduga, a jiƙa iskar ɗakin gaba ɗaya idan da hali. Kwanon ruwa a cikin fiyano amfaninsa kaɗan ne, haɗarin zubewa da tsatsa ya fi yawa.

Kada a ci abinci bisa madannai, domin ɓarɓashi ne ke kiran kusu da kyankyaso. Asu yana cin ulu, saboda haka a buɗe allon ƙasa a duba sau biyu a shekara. Kada a ɗora tulun furanni ko kofin shayi a sama.

Abu na ƙarshe, a riƙa kaɗa shi. Madannin da ake dannawa kullum shi da kansa yake danne ƙyallensa ya goge turkensa. Waɗanda ke can ƙarshen dama da hagu, da ba a cika taɓawa ba, su ne ke fara maƙalewa. Minti biyar a mako, a bi madannai 88 ɗaya bayan ɗaya, ya isa. Makaranta kuwa dogon hutunta a damana yake faɗowa, daidai lokacin da fiyano ya fi bukatar hannu. Ya kyautu shugaban makaranta ya sa wani ya riƙa buɗe ɗakin yana wannan ɗan aiki.

Idan za a kira mai daidaita murya, a kira shi makonni kaɗan bayan sauyin yanayi, sau ɗaya bayan damana ta zauna, sau ɗaya bayan hunturu ya shigo. Kafin ya zo, a rubuta lambar kowane madanni da ya taɓa maƙalewa, da watan da abin ya faru. Wannan takarda za ta rage masa bincike, ta rage wa ma'aikata kuɗi. Idan kuma akwai biki ko jarrabawa a gaba, a gwada fiyano tun da saura mako biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.